Fada da mafarkin wata duniya: matasan Tasawa da Mayahi a madubin al'adar «tiki»

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala tana duba yadda ɗan Adam yake gina wata ƙasa a cikin zuciyarsa don ya huta da tasa. Za mu kwatanta al'adar «tiki» ta Amurka da fadar matasa a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi.

2. Al'adar «tiki»

A shekarar 1933, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, Donn Beach ya buɗe wata mashaya a Hollywood, ya ƙawata ta da gora da tarkacen jiragen ruwa, wai kwaikwayon tsibiran Folinesiya. Daga baya irin waɗannan mashayu suka cika da gumakan itace da ake kira «tiki». Amma barasar ta Karibiyan ce, abincin kuma na Sin. Ke nan tsibirin da masu sha'awar abin suke nema ba ya kan taswira: ƙagaggen wuri ne na manta wahalar yini.

3. Fada

Fada ta ɓulla a Damagaram a farkon shekarun 1990, lokacin da samariya ta rushe bayan babban taron ƙasa na 1991, aikin gwamnati ya yi wuya, aka kuma karya darajar sefa a watan Janairu na 1994. Tasawa tana kan babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram, Mayahi kuwa a Gulbin Kaba. A duk biyun noman damina ya fi rinjaye, rani kuma dogo ne. Samari kan zauna a gindin katanga, su dafa shayi hawa uku a kan gawayi, ana hira da sauraren kiɗa. Sau da yawa a Nijar ana raɗa wa fada sunan wani birnin waje ko ƙungiyar ƙwallo, a rubuta shi a bango. Adeline Masquelier, a littafinta na 2019, ta nuna cewa dafa shayi hanya ce ta tsara lokacin jira, a ba shi ma'ana.

4. Bambanci

Abu biyu ya raba su. Na farko, Ba'amurke yana gudun gajiyar aiki, ɗan fada kuwa rashin aikin ne ya dame shi. Na biyu, mai «tiki» bai yi niyyar ƙaura ba, alhali hirar fada takan zama shirin tafiya cin rani Kano, Libiya ko Aljeriya: a nan ake jin labarin hanya da kuɗin mota daga bakin waɗanda suka dawo.

5. Kammalawa

Dattawa kan kira wannan zama «kashe wando». Idan manazarci ya ɗauki wannan hukunci yadda yake, zai rasa ganin wurin da saurayi yake yanke shawarar zama ko tafiya, shawarar da gonar gandu ta dogara da ita in damina ta faɗi.