Mene ne Fadar Himeji?

A 2024, da magajin garin Himeji ya kawo shawarar ƙara wa baƙi kuɗin shiga, sunan wannan fada ya yi ta yawo a labarai. Fada ce mai ganuwa a yammacin Japan, wadda a da ita ce mazaunin daimyo, wato sarkin yanki mai rundunar mayaƙan samurai. Saboda farinta fat, ana mata laƙabi da farin zalɓe.

Akamatsu Norimura ya fara kafa sansani a kan tudun da fadar take a 1333. Ginin da ake gani yau kuwa aikin Ikeda Terumasa ne, tsakanin 1601 da 1609, bayan surukinsa Tokugawa Ieyasu ya ba shi yankin, ladan yaƙin Sekigahara. Hanyoyin ciki a murɗe suke da gangan, domin mahari ya yi ta kewaye ana harbinsa ta kafofin bango. Abin mamaki, ba a taɓa gwabza babban yaƙi a wurin ba.

Manoma ne suka ɗauki nauyin fadar da harajin shinkafa. Shogun, mai mulkin soja, ya riƙa sauya masu fadar: gidan Honda, Matsudaira, Sakakibara, daga ƙarshe Sakai. Fadar ta tsira daga bama-baman da aka jefa wa garin a 1945, UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1993.