Ɓoyayyun Dabarun Jawo Hankali a Cikin Talla



Talla ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa 'yan mata ke kewaya unguwanni da faifan goro ko ƙwaryar fura, suna kiran sunan hajarsu. Wannan talla ne na fili, wato ga kaya, ga farashi. Wanda nake so mu duba a yau shi ne irin tallan da ba ya neman shawarar hankalin mai saye, sai ya bi ta bayan gida ya kama tsoronsa ko kunyarsa ko burinsa.

A shekarar 1957 wani ɗan jarida na Amurka, Vance Packard, ya wallafa littafi mai suna The Hidden Persuaders, inda ya bayyana yadda kamfanoni ke ɗaukar masana halayyar ɗan'adam domin su tono musu raunin masu saye. A wannan shekara kuma wani mai suna James Vicary ya yi iƙirarin cewa ya riƙa wulga rubutu a majigin wani gidan silima na jihar New Jersey, da saurin da ido ba ya iya kamawa, har cinikin Coca-Cola da gugguru ya ƙaru. Duniya ta firgita. Amma a 1962 shi da bakinsa ya amsa cewa babu wani bincike na kirki a bayan zancen. Na kawo wannan ne domin kada mu tsaya neman sihiri. Dabarun da ke aiki a gaban idonmu suke, sabo ne ya hana mu lura da su.

Alal misali, mu ɗauki mai maganin gargajiya da ke kafa lasifika a kan motarsa a bakin Babbar Kasuwar Sakkwato ko a tashar mota. A matsayina na ɗalibin harshe, na sha tsayawa in saurare shi, kuma dole in yaba masa fasahar baki. Ba ya farawa da magani. Da alamomin ciwo yake farawa: kasala, ciwon baya, kumburin ciki, rashin barci. Wane magidanci ne ya haura arba'in bai taɓa jin ɗaya daga cikinsu ba? Kafin ya ambaci basir ko sanyi, kowa ya riga ya tsinci kansa a cikin lissafin. Daga nan sai ya taɓo abin da Bahaushe ke jin nauyin kai wa asibiti, wato sha'anin iyali, ya nannaɗe shi da karin magana da barkwanci, a yi dariya, kunya ta ragu, hannu ya shiga aljihu. Yakan kuma yawaita rantsuwa da addu'a, ta yadda mai shakkar maganin zai ji kamar imaninsa ne ke da rauni.

Manyan kamfanoni ma aron mutunci suke yi. A shekarun 1970 an zargi masu sayar da madarar jarirai, musamman Nestlé, da tura mata masu talla sanye da tufafi irin na ma'aikatan jinya. Uwa ta ga farar riga, ta ɗauka shawarar asibiti ce, ta rage shayarwa, ta dama madara da ruwan da ba shi da tsabta. Jarirai da yawa sun halaka a ƙasashe matalauta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin tallan irin wannan madara a 1981.

A Nijeriya an kafa hukumar kula da talla, APCON, a 1988, kuma ARCON ta gaje ta a 2022. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magunguna. To, a nan ma akwai wata dabara da ya kamata ma'aikata su lura da ita. Mai magani yakan ɗaga kwalba ya karanta lambar NAFDAC da ƙarfi, mai sauraro ya ɗauka gwamnati ta shaida cewa maganin na warkarwa. Alhali kuwa irin wannan lamba a kan maganin gargajiya tana nufin an duba lafiyar shansa ne kawai, shi ya sa hukumar ke wajabta rubuta cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wannan jumla takan zo da ƙananan haruffa, cikin Ingilishi, a gindin kwalbar da aka tallata da Hausa.