Furojen Keita: takarda kaɗai ba ta isa ba

Masu sauraro na gida da na waje kan tambaye mu yadda muke binciken tarihin furojen Keita, wanda Italiya da FAO suka soma a 1984. Rahotanninsa muna karanta su, amma muna tambayar kanmu: don wa aka rubuta? Galibi don mai ba da kuɗi ne, shi ya sa lissafin eka da itatuwa ya cika su. Matan da suka yi dakon duwatsu ana biyansu da abincin PAM, ba a cika jin muryarsu ba. To, su muke bi ƙauye-ƙauye, kowace ita kaɗai, don a gaban maigari magana takan canza. Shekara kuwa mukan ce: zamanin Kunce ne ko na Ali Shaibu? Yawancinsu sun tsufa. In kakarku ta yi aikin, ku aiko mana saƙo.