ADON MATAN BORNO: KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Duk wanda ya ji an ambaci Zabarmari, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne shinkafa. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Borno, 'yar tafiya kaɗan daga Maiduguri, a gefen babbar fadamar nan da Kogin Ngadda yake malala ruwansa a ciki. To amma da zarar an gama yankan shinkafa, kuɗi sun shigo hannun manoma, sai wata hidimar kuma ta taso, watau ta aure. A nan ne kasuwar masu gyaran amare take buɗewa, kuma a nan ne iyaye mata suke fuskantar wata tambaya wadda kakanninsu ba su san ta ba: shin da kayan gargajiya za a gyara yarinya, ko kuwa da mayukan kwalba na kanti?

Abin farin ciki ne ganin cewa a 'yan shekarun nan mata da yawa, a Borno da sauran jihohin Arewa, sun soma waiwayar kayan da suka gada. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mai karatu ya sani kafin ya ce duk abin da aka kira na gargajiya lafiyayye ne.

KAYAN GADO

Ba a banza sunan matan Borno ya yi nisa wajen ƙamshi da gyaran jiki ba. Shekaru aru-aru alhazai da fatake suna ratsa Borno su bi ta Chadi da Sudan zuwa Makka, kuma ta wannan hanya ce wasu daga cikin kayan adon suka iso. Sunayensu ma sun isa shaida. Kalmar dilka daga Larabci take, ma'anarta murzawa, halawa kuwa ai abu mai zaƙi ke nan.

Dilka wani ƙulli ne da ake haɗawa da gari da kurkum da kanumfari da mai, a turara shi da itace mai ƙamshi, sa'an nan a murje jiki da shi har matacciyar fata ta fita. Halawa kuwa sukari ne da ruwan lemun tsami ake dafawa har su yi danƙo, a riƙa manna wa fata ana ɗagawa domin cire gashi. Ga lalle, wanda ganyensa kawai ake busarwa a daka a kwaɓa. Ga turaren wuta da humra, waɗanda ake haɗa su da sandal da kajiji da farce. Shi kajiji saiwar wata ciyawa ce mai fitowa a fadama, farce kuwa murfin wani dodon-koɗi ne na teku. Daga Chadi kuma ake kawo garin cebe, wanda matan can suke cakuɗawa da mai su shafa wa kitso domin kada gashi ya riƙa karyewa, har ga shi yau ana sayar da shi a Turai da Amurka. Man kaɗanya da sabulun salo kuwa babu gidan da bai san su ba.

ABIN DA YA SA AKA WAIWAYO

Dalili na farko shi ne ɓarnar da mayukan bilicin suka yi. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2011 ya nuna cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan sauya launin fata. Yawancin waɗannan mayuka abu uku ne a cikinsu. Akwai zaiba, wadda take ratsa fata ta shiga jini ta lalata ƙoda, har ta kan kai ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa. Akwai sinadarin haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafa shi sai fuska ta yi wani irin baƙi mai wuyar fita. Akwai kuma magungunan sitiroyid, waɗanda likitoci suke rubutawa domin ciwon fata na 'yan kwanaki, amma in aka mai da su man shafawa sai fata ta yi laushi kamar takarda, ta yi nankarwa, rauni kuma ya ƙi warkewa.

Sabo da haɗarin zaiba ne ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Minamata a ƙasar Japan cikin 2013, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC, a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya.

Dalili na biyu kuwa aljihu ne. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, kayan da ake shigowa da su daga waje suka fi ƙarfin talaka. Matar manomi wadda take iya samun lalle da kurkum a awo ba ta da dalilin zuba kuɗin buhun shinkafa a kan 'yar kwalba.

INDA GIZO KE SAƘA

To amma fa 'yan kasuwa sun lura da inda hankalin mata ya karkata. Yanzu akwai masu haɗa mai a ɗaki, su zuba a roba babu suna babu lambar hukuma, su tallata shi a waya da sunan oganik. Sau da yawa man kaɗanya ne aka cakuɗa da waɗancan magunguna na bilicin. Alamar gane shi ɗaya ce. Babu wani ganye ko saiwa da zai mai da baƙar mace fara cikin mako biyu. Dilka takan sa fata ta yi sumul da sheƙi, amma ba ta sauya halittar da Allah Ya yi wa mutum.

Haka batun lalle yake. Lalle na ainihi sai ya yi sa'o'i a hannu kafin ya kama, launinsa kuma ja ne. Shi baƙin lallen da ake kira dayis, mai kamawa nan da nan, rinin gashi ne ake sa masa mai sinadarin PPD. Wasu matan yakan tasar musu da ƙuraje masu ruwa daidai yadda zanen ya bi, ya bar tabo, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa ba za ta sake jituwa da rinin gashi ba har abada. Wannan shi ne kyan ɗan maciji. Ko da jan lallen ma, likitoci sun hana a shafa wa jarirai, domin yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ya yawaita a ƙasar nan, lalle yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini.

Mafi ban tsoro shi ne kwalli. Dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a zuba a tandu yawancinsa dalma ce. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Nijeriya a birnin Boston, wanda aka sami gubar dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka tarar fiye da kashi 82 cikin 100 dalma ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, dalma kuwa tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba. Wanda ya tuna yara wajen 400 da gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta hallaka a Zamfara cikin 2010 ya san ba abin wasa ba ce.

YADDA AKE GWADAWA

Ga mai son gwada sabon abu, hanya mafi sauƙi ita ce ta shafa ɗan kaɗan a cikin damtse ko bayan kunne, ta jira kwana biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, to ta rabu da shi. Kada amarya ta gwada abin da ba ta saba ba ana saura kwana uku biki. Ya fi kyau a sayi ganyen lalle da saiwar kurkum a daka a gida, a kan sayen garin da ba a san abin da aka zuba masa ba. Abin da ke cikin kwalba kuwa, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Turaren wuta kuma a riƙa kunna shi taga a buɗe, nesa da jariri da mai asma, domin hayaƙi hayaƙi ne komai ƙamshinsa.

ƘASA DA ITATUWA

Duk waɗannan kaya daga ƙasa suke fitowa, ƙasar kuwa ta sha wuya. A ran 28 ga Nuwamba, 2020, 'yan Boko Haram suka yi wa manoma kisan gilla a gonakin shinkafa na Koshebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43 a Zabarmari, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin masu salla. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday ta Maiduguri. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri da Jere. Sana'ar turare da lalle da dilka tana daga cikin 'yan sana'o'in da gwauruwa za ta iya yi a cikin gidanta da ɗan jari kaɗan ta ciyar da marayu.

Albarkatun kuwa suna nan kusa. Darbejiya, wadda aka fara dasawa a Lardin Borno cikin 1928, ta cika titunan Maiduguri, ana kuma yin sabulu da man 'ya'yanta. Ƙwallon aduwa yana ba da mai mai kyau. Dusar shinkafa, wadda ake zuba wa dabbobi, da ita matan Japan suke wanke fuska tun zamanin da, ana kuma tatsar mai daga cikinta. Abin takaici shi ne yadda ake sare itatuwa domin gawayi, alhali itacen kaɗanya yakan yi shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya.

Sabo da haka ya kamata Gwamnatin Jihar Borno da Jami'ar Maiduguri da NAFDAC su taimaka wa ƙungiyoyin mata wajen auna kayansu da yi musu rajista a kan kuɗi kaɗan, domin mai gaskiya ta bambanta da mai algus. Maza kuma, waɗanda yawancin adon nan dominsu ake yi, su daina fifita farar fata a kan lafiyar matansu. In an yi haka, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Allah Ya ba Borno zaman lafiya mai ɗorewa, amin.