Karin Maganar Ruwa a Ƙasar Yawuri: Muhalli da Ma'ana

Mafi yawan karin maganar Hausa da suka ambaci ruwa, ruwan sama suke nufi ko na rijiya, wato ruwan da ake jira ko ake tonowa. "Da ruwan ciki ake jan na rijiya" da "Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba" zantuka ne na mutanen tudu, waɗanda ruwa ke yi wa wuyar samu. A Yawuri da Ngaski da Shanga kuwa, kogin Kwara shi ne hanya, shi ne wurin sana'a, wani lokaci kuma shi ne ajali. Saboda haka karin magana ɗaya takan ɗauki nauyi daban a bakin mazauna wannan yanki.

A dubi "Kifi na ganinka, mai jar koma." A birni gargaɗi ne ga mai ƙulla makirci cewa wanda yake hari ya farga. Ga Basarke, wanda su ne gadonsa, maganar bayanin sana'a ce tun kafin ta zama hikima, domin koma kayan aiki ce da ya sani da hannunsa. Haka "Ruwa ya ƙare wa ɗan kada": mai jin ta a Kano yana hasashen hoton ne kawai, amma wanda ya ga yadda kogi ke janyewa ya bar kududdufai ya san lokacin da abin ke faruwa.

Lokacin kuwa yana da tsari. Kwara tana cika sau biyu a wannan yanki: cikar damina, wadda masana ke kira farin ruwa saboda laka, sai kuma baƙin ruwa da ke isowa da hunturu bayan doguwar tafiya daga tsaunukan Gini. A kan wannan hawa da sauka Gungawa suka gina noman albasa da su a tsibiransu. Sunan nasu ma daga kalmar "gungu" ya fito, wato tsibiri, ko da yake su Reshe suke kiran kansu.

Kammala madatsar Kainji a 1968 ta nutsar da tsibirai da dama, aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin matsugunai a gaɓar tafki. Abin da ya nutse ya wuce gidaje da gonaki. Zancen hikima da ke rataye da wani dutse, ko mashigi, ko gurbi mai zurfi, yakan rasa madogara idan wurin ya ɓace. Jikan da aka haifa a tudu zai iya haddace lafazin, ma'anar kuwa sai an yi masa sharhi. Ga kuma sauyin harshe: Frank Salamone ya nazarci yadda Gungawa ke rikiɗewa su zama Hausawa, harshen Shanga kuma, wanda dangin harsunan Mande ne, masu jin sa sun ƙaranta ƙwarai.

A nan ne, a ganina, nazarinmu ya gaza. Tarin karin magana irin na Merrick (1905) da Whitting (1940) da Kirk-Greene (1966) sun adana lafazi da fassara, amma ba kasafai suke nuna wanda ya faɗa da inda ya faɗa ba. P. G. Harris ya yi rubutu kan Yawuri tun 1930, Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya haskaka tarihinta, sai dai adabin bakan yankin bai samu rabo irin na tarihin ba. Mai son cike wannan giɓi zai buƙaci ya naɗi zancen da Hausa da harshen asali tare, a kasuwar kifi ta Yelwa ko mashigin jirage na Wara, daga bakin dattawan da suka rayu a tsibirai kafin 1968, waɗanda mafi ƙuruciyarsu a yau sun haura shekara hamsin.