Me Ya Sa Muke Tafa Wa Masu Razana 'Yan Jarida?

Ana shiga watan Agustan 2025, gwamnan Neja Umaru Bago ya ba da umarnin a garƙame gidan rediyon Badeggi FM da ke Minna bisa zargin tunzura jama'a, alhali hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC kaɗai doka ta ba ikon ƙwace lasisi. Ba a cika mako uku ba, ranar 19 ga watan, 'yan bindiga suka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau da ke yankin Karfi a ƙaramar hukumar Malumfashi. Sanarwar farko daga gwamnati ta ce mutum 13 aka kashe. Sai da ɗan majalisar jiha mai wakiltar Malumfashi ya yi magana, kafafen labarai suka ɗauka suka yaɗa, sannan duniya ta ji cewa mamatan sun kai wajen 50. Da irin wancan umarni na Minna ya zama ruwan dare, da a kan 13 lissafinmu zai tsaya. Abin takaici, a majalisunmu na ƙofar gida akwai masu jin an ci zarafin ɗan jarida su ce "maganinsa ke nan".

Abin ba na yau ba ne. A 2017 'yan sanda a Katsina sun tsare ɗan jarida Danjuma Katsina saboda wani rubutu da ya yi a Facebook kan wani ɗan majalisar wakilai. A Oktoban 2018 Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki bidiyon da ake zargin gwamnan Kano na lokacin Abdullahi Ganduje na karɓar daloli. Ganduje ya musanta, ya sake cin zaɓe a 2019, ya zama shugaban APC na ƙasa a 2023. Shi kuwa Jaafar, a 2021 ya tsere Ingila yana mai cewa ana barazana ga ransa. Duk ɗan siyasar da ya kalli wannan ya koyi darasi: taka ɗan jarida ba ya rage ƙuri'a.

Ana yawan ɗora laifin a kan talauci da jahilci. Gaskiya ne mutumin da ke jiran buhun taki ko shinkafar azumi daga hannun ɗan majalisa ba zai so a taɓa ubangidansa ba. Amma manomin Karfi ba jahilin labarai ba ne. Da rediyo yake zuwa gona, ya san muryoyin BBC da DW da Muryar Amurka fiye da yadda ɗan birni ya sani.

Babban dalili, a ganina, shi ne an daɗe da gurɓata masa bambancin ɗan jarida da sojan baka. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara yawaita a Kano daga 2003, siyasa ta zama babbar hajar da suke sayarwa. Ɗan siyasa zai sayi fili, ya turo yaronsa ya yi minti biyar yana wanke shi yana zage abokin hamayya. Gobe ɗayan ɓangaren ya biya ya rama. Da wayar hannu ta zo, sai sojojin baka suka ƙaura Facebook da TikTok, kowa da shafinsa mai suna kamar na jarida. A ɗaya gefen kuma, wakilai da dama na aiki wata da watanni ba albashi, abin da ke riƙe su shi ne "kuɗin mota" da ake rabawa bayan taron manema labarai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma talaka ya san da haka.

Saboda haka idan wani ya fito da rahoton gaskiya kan asibitin da aka ware wa kuɗi ba a gina ba, tambayar farko da mai sauraro zai yi ita ce, "Yaron wane ne?" Da zarar an yarda cewa kowane ɗan jarida ɗan wani ne, to ɗan siyasar da ya daka masa tsawa ko ya turo masa 'yan sanda ba azzalumi ba ne a idon magoya baya. Namijin duniya ne da ya murƙushe sojan abokin gaba. Masu mulki sun gane amfanin wannan ruɗani, shi ya sa kafin su kama mutum sai sun fara laƙaba masa "ɗan adawa".

Masu kare gwamnoni na cewa labaran ƙarya na hura wutar rikici, wasu rahotanni kuma tallata 'yan bindiga suke yi. Da wannan hujja NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 a 2022 kan shirin da ta yi game da 'yan fashin daji. Akwai ƙamshin gaskiya a batun ƙarya, domin masu ɓata suna don a ba su na goro suna nan. Amma kotu na nan don wanda aka yi wa ƙazafi. Tarar da aka ci Trust TV ba ta mayar da manomi ko ɗaya gonarsa ba.

Illar kuwa a kanmu take sauka. Wakilin da ya ga abin da ya samu ɗan'uwansa zai zauna a Katsina ya jira sanarwar kwamishina, ba zai biyo hanyar Funtuwa ya ji ta bakin wanda 'yan bindiga suka sa wa harajin girbi ba. Ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disamban 2020 sun dawo cikin mako guda, a lokacin da kafafen labarai na gida da waje suka hana hukuma sakat. Ƙauyen da ba a ji kukansa ba, ba a turo masa soja.

Sai dai Zamfara ta nuna cewa razana ba ta tabbatar da kujera. A Oktoban 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe wasu kafafe, har da NTA Gusau, don sun ɗauki taron PDP. A Maris na 2023 Dauda Lawal ya kayar da shi.

Gyara ya rataya a wuyan kowa. Masu gidajen rediyo su biya ma'aikatansu, su riƙa faɗa ƙarara cewa wannan fili biya aka yi. Ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ta hukunta masu karɓar na goro. Mu kuma masu zaɓe a Karfi da Malumfashi da Funtuwa, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a mu tambaye shi yadda ya yi da masu sukarsa. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida aikin bin diddigin gwamnati a madadinmu. Wanda ya hana su wannan aiki, mu ya zalunta.