Ko Kun Sani? "Had" a Jimlar Sharaɗi Ba Kullum Take Nufin Jiya Ba

Idan Bature ya ce "If I had money, I would buy a car", zancen yau yake yi: yanzu ba shi da kuɗin. A Turanci, mayar da aikatau zuwa lokacin da ya wuce cikin jimlar sharaɗi alama ce ta cewa abin babu shi, ko da wuya ya faru. Mai sa ran samu kuwa cewa zai yi "If I get money, I will buy a car". Bahaushe ya daɗe da wannan bambanci: "da ina da kuɗi, da na sayi mota" daban, "idan na sami kuɗi, zan sayi mota" daban.

Wani zai ce littattafan koyarwa sun kasa sharaɗi gida huɗu, haddace su ya wadatar. Sai dai a hirar yau da kullum gauraya su ake yi. "If I had studied medicine, I would be a doctor now" ta haɗa jiya da yau, ba ta zauna a ko ɗaya cikin huɗun ba. Kafin ka zaɓi aikatau, ka fara tantance ko "idan" kake nufi ko "da".